Kumurci da Idon Manomi: Abin Yi Idan Dafin Maciji Ya Shiga Ido

Gabatarwa

Idan ana zancen haɗarin maciji a Jihar Taraba, hankalin jama'a yakan tafi ga sara, musamman saran kububuwa wadda ta yi yawa a kwarin Binuwai. Amma akwai wani haɗari da ba a cika ambatonsa a tarukan manoma ba, wato tsarta dafi a ido, wanda aikin kumurci ne. A wata kaka, muna auna amfanin gonar gwajin masara a wajen garin Jalingo, wani saurayi daga cikin masu taya mu aiki ya ɗaga tarin kara, sai muka ji ihunsa, ya dafe fuska. Abokansa suka bazama neman ganye, alhali jarkar ruwan shanmu tana ajiye a gindin bishiya. Da ruwan nan muka wanke idon kafin mu kai shi asibiti, kuma ya warke sarai. Abin da ya sa aka rubuta wannan bayani ke nan.

Yadda abin yake faruwa

Kumurci maciji ne mai duhun jiki, wanda yakan miƙe ya fasa kai idan ya ji barazana. Ƙofar dafin da ke jikin fiƙoƙinsa tana kallon gaba, don haka yana iya tsarto dafi har nisan mita 2 ko fiye, kuma fuska yake nufa. Yana yin haka ne don kare kansa. Abincinsa ɓeraye ne da kwaɗi da ƙwai da 'yan tsaki, shi ya sa ake yawan gamuwa da shi a rumbu, da akurkin kaji, da tarin kara ko itace, da kuma gonakin fadama irin na bakin kogin Lamurde.

Dafin ba ya yin wata illa mai yawa a lafiyayyar fata idan an wanke. Amma a ido yana haddasa raɗaɗi mai tsanani nan take, da zubar hawaye, da kumburin fatar ido. Babban haɗarin shi ne yakan ci tantanin da ya rufe baƙin ido, ya zama miki. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga mikin, sai hakiya ta biyo baya, ko ma ido ya mutu.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 1976 likitoci biyu, David Warrell da David Ormerod, waɗanda suka yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun wallafa bayanin mutum 9 da kumurci ya tsarta wa dafi. Biyar daga cikinsu jan ido kawai suka yi, huɗu sun sami miki a tantanin ido, biyu kuma sun rasa gani a idon da abin ya shafa.

Taimakon gaggawa a gona

1. A janye mutumin daga wurin. Kada a tsaya farautar macijin, domin yana iya tsartawa sau da yawa a jere.
2. A fara wanke idon nan take da ruwa mai yawa, na buta ko na gora ko na leda. Idan babu ruwa a kusa, ana iya farawa da madara.
3. Raɗaɗi zai sa ya runtse ido da ƙarfi. Wani ya buɗe masa fatar idon da yatsu masu tsabta, wani ya riƙa zuba ruwan a hankali.
4. A karkata kansa yadda ruwan zai gangara ta gefen kunne, kada ya shiga ɗaya idon.
5. A ci gaba da wankewa na aƙalla minti 15, yana juya ƙwayar idon sama da ƙasa.
6. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko da ya ce ya sami sauƙi.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a murza idon. Kada a ɗiga ruwan ganye, ko lemon tsami, ko kananzir, kada kuma a sa kwalli. Haka nan kada a sayi maganin ɗigawa a shagon magani ba tare da an duba idon ba, domin wasu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda kan sa miki ya ƙara lalacewa.

Manoman Taraba da yawa sun san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake yin allurar kashe dafi. Ya kamata a fahimci cewa allurar nan ta wanda aka sara ce. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya ba su yarda a ɗiga ta a ido ba. Saboda haka wanda aka tsarta wa dafi kada ya ɓata sa'o'i a doguwar tafiya. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha. Likita zai ɗiga wani rini da ke nuna ko akwai miki, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage raɗaɗi. Amma idan akwai sara a jiki bayan tsartawar, to, a gaggauta neman allurar.

Dabbobin gida

Karnuka sun fi fuskantar wannan matsala saboda sukan tunkari maciji da haushi, amma takan sami awaki da shanu ma. Idan dabba ta dawo da ido a rufe, yana hawaye da kumburi, a ɗaure ta da kyau, a wanke idon kamar yadda aka bayyana, sannan a kira malamin dabbobi.

Rigakafi

A Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool a Ingila, inda ake ajiye macizan Nijeriya ana tatsar dafinsu don haɗa magani, ƙwararru sukan sa gilashin kare fuska kafin su tunkari maciji mai tsartuwa. Manomi ma yana iya kare kansa da abu mai araha:

- A sa tabarau lokacin kwashe kara ko gyaran rumbu.
- A fara taɓa tarin kara da doguwar sanda kafin a sunkuya.
- Kada a leƙa rami ko akurki da fuska, kuma a riƙe tocila da dare.
- A nome ciyawar kewayen gida, a toshe ramukan ɓera, a ɗaga rumbu daga ƙasa.

Kira ga malaman gona

Kafin girbi ya kankama, ya kamata kowane malamin gona ya ware minti goma a taron ƙungiyar manomansa, ya ɗauki buta ya nuna yadda mutum biyu za su wanke idon na uku. A gayyaci mata da yara, domin su ne suka fi shiga akurki da ɗebo itace. A kuma shawarci kowane mai gona ya riƙa ajiye jarkar ruwa mai tsabta kusa da inda ake aiki, kada a bari ta ƙare kafin a tashi.