Ƙaramin jirgin sama mai inji: Hattara ga masu ɗaukar sautu daga Tamanrasset

Duk falken da aka ba sautun ƙaramin jirgin saman nan da ake sarrafawa da rimot, to ya sani ba kayan wasan yara ya ɗauko ba. Injinsa bai wuce dunƙulen hannu ba, amma farfelarsa kan yi juyi fiye da 10,000 a minti ɗaya, tana kuwa iya datse yatsa.

Sabon inji sai an hore shi, abin da makanikan Nijar da Aljeriya ke kira rodaj. Ba ya shan fetur, mansa haɗi ne na metanol da man zurma. Akan ɗaure jirgin a ƙasa, a buɗe allurar kafireto mai ya wadata har hayaƙi ya fito, a bar shi ya yi 'yan mintoci, a kashe ya huce, a sake. Sai ya sha tanki uku ko huɗu a haka kafin fistin ya zauna daidai.

Ga inda ake asara. Tamanrasset na kan tudu, sama da mita 1,300, iskarta ba ta da kauri, don haka injin ba ya son mai da yawa. In aka saita shi a can aka sauko da shi Maraɗi ko Kano ba a ƙara buɗe allurar ba, sai man ya gaza, injin ya ɗau zafi ya ci kansa. Mai saye kuwa cewa zai yi jabu aka kawo masa. Ƙura ma makashiya ce, kada a tayar da shi kan yashi.

Fiffike kuma a mahaɗar tsakiya yake karyewa. A kankare tsohon gam, a sa ɗan falanki a ciki, a haɗa da gam mai ruwa biyu wanda ke jinkirin kamawa. Sufa gulu ba ya jure girgiza a nan.

Sai batun hukuma, wanda ya fi duka nauyi. Tun 2021 Aljeriya ta kafa dokar jirage marasa matuƙi, shigo da su da tashinsu sai da izini. A daren 1 ga Afrilun 2025 sojojinta suka harbo wani na Mali kusa da Tin Zawatin. Kafin a doshi In Gezam da Asamaka da irin wannan kwali, a fara tambayar kwastan, a kuma riƙe rasit a hannu.