Abubuwan ban mamaki a taƙaice: faɗuwar da ta zama tsani

Duk shekara in sakamakon BEPC ya fito, a Gure da sauran garuruwa, akan samu yaron da ya shige ɗaki yana ganin tasa ta ƙare. Ga labarai bakwai da ya kamata malaminsa ya ba shi tun kafin ranar.

1. Shinge kafin dashe

Tudun rairayi tafiya yake yi. A ƙasar Gure yakan gangaro kan kwarurukan dabino da lambuna ya binne su. Wanda ya dasa itace a kansa kai tsaye ya yi aikin banza, don iska za ta tone saiwar ko ta rufe tsiron. Dabarar da ta yi aiki ita ce a fara kafa shingayen busassun rassan kalimbo, gida-gida kamar gidan dara, su karya ƙarfin iska. Sai tudun ya tsaya sannan a yi dashe.

2. Dajin da ke ƙarƙashin ƙafa

Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya yi ta dashe a ƙasar Maradi, yawancin itatuwan suna mutuwa. A 1983, yana dab da saduda, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ratsa rairayi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya. Ashe toho ne daga kututturen da aka sare, saiwarsa na raye. A bar reshe mai ƙarfi, a sassabe sauran, itace ya tashi. Manoman Nijar sun farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya, har da gawon Mirya, Magarya da Matamai.

3. Wanda aka kira mahaukaci

A Burkina Faso, Yacouba Sawadogo ya riƙa haƙa ramukan tassa tun da rani, yana zuba taki a ciki, mutane na yi masa dariya. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar nutsewa. Faƙo ya koma daji. A 2018 shi da Rinaudo suka samu kyautar Right Livelihood.

4. Firjin da ba ya shan wuta

Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, ya shafe 1995 zuwa 1997 yana gwada tukwane. Ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a baki. Ruwan yana ƙafewa yana ɗauke zafin da ke ciki. Yalon da ke yaushi a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Ya ci kyautar Rolex a 2000.

5. Jirgin tarkace

A 2007 Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Tashinsa bai wuce kimanin mita 2 ba. Masu raini su faɗi mita nawa nasu ya tashi.

6. Malami ya koma ɗalibi

Mamane Barka, ɗan Tasker a arewacin Gure, malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Boukar Tar, tsohon da ya rage a cikin masu kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Shahararren mawaƙi ya zauna ya koya daga tushe, ya kai biram har dandalin Turai.

7. Daga ƙetare, a gurguje

Lamba 40 da ke jikin gwangwanin WD-40 na makanikai tana nufin gwaji na 40 ne ya yi daidai. James Dyson na Ingila ya yi samfuri 5,127 kafin na'urarsa ta zuƙe ƙura ta gamsar da shi. Spencer Silver na Amurka yana neman gam mai ƙarfi a 1968, ya samu marar ƙarfi, kuma shi ne yau a bayan takardun Post-it.

Cikin mutanen nan ba wanda ya yi ta maimaita abu ɗaya ido rufe. Kowa ya duba inda aikin ya ɓaci, ya sauya hannu. Don haka, malamai, in yaro ya kasa, kafin jan biro ku tambaye shi: “A ina ta ƙwace maka?” Ku kawo tukwane biyu, yashi da tumatir cikin aji, ku bar yara su gwada, su kasa, su sake.