HUNTURU YA KAMA: YAYA, KIN IYA ƘIRGA NUMFASHIN ƘANINKI?

Na san da yawanku kun ƙagu ku ji yadda za a yi da kaushi da faso da bushewar leɓe, to ku yi mini haƙuri, wannan karon maganar da na zo da ita ta fi kwalliya nauyi.

Da zarar sanyi ya kama, tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu, iska kan kwaso mana ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Mu manya sai dai mu yi atishawa mu wuce. Amma jariri hanyoyin numfashinsa 'yan siri-siri ne, majina kaɗan ta isa ta toshe su. Ga hayaƙin itace a madafi, ga cunkoso a ɗaki an rufe taga, mai mura ɗaya sai ya raba wa kowa. Daga nan ƙwayar cuta ta gangara huhu, ya cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin shiga. Wannan ita ce limoniya, wadda iyayenmu ke kira ciwon haƙarƙari.

Na taɓa zaman jinyar ɗan ƙanwata kwana biyar a ɗakin yara na wani asibiti a irin wannan lokaci. Wallahi duk mai imani sai ya zubar da hawaye. Yara bibbiyu a gado ɗaya, iyaye mata a kan tabarma, tari ta ko'ina, ga masu jiran a sa musu iskar oksijin sun fi tukwanen yawa. Malaman asibiti ba su zauna ba har asuba. Tambayar da na ji suna ta maimaita wa kowace uwa ita ce, "Tun yaushe ya fara wannan hakin?" Amsar kuwa kusan iri ɗaya: "Yau kwana huɗu, mun ɗauka mura ce." Wata an je kemis, wata an shafa man zafi, wata ma an kai wa wanzami ya cire beli, wata kuma tana jiran maigida ya dawo daga tafiya.

Kada ku ce na cika tsoratarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai limoniya ta kashe yara sama da 740,000 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2018 kuwa UNICEF ta ƙiyasta cewa Nijeriya ce kan gaba a duniya, da yara 162,000, wato sama da 400 kullum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya sa aka ware 12 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da wannan ciwo.

To ke yaya, meye naki a ciki? Ai ke ce mai goyo idan Umma na aiki, numfashinsa a bayanki yake sauka, ke za ki fara ji in ya canza. Ga abin da za ki yi, agogon hannu ko na waya ya isa. Ki bari sai ya yi shiru, ba lokacin kuka ba. Ki ɗage rigarsa, ki ƙirga tashin cikinsa har minti ɗaya cur. In bai kai wata biyu ba kika samu 60 ko fiye, akwai matsala. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Sannan ki duba ƙasan haƙarƙarinsa: lafiyayyen yaro in ya ja numfashi ƙirjinsa tasowa yake, mai limoniya kuwa wurin faɗawa yake yi ciki.

In kuma ya ƙi karɓar nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko jijjiga, ko barcin da ba ya farkawa da sauƙi, ko yana nishi, to ba maganar sai gari ya waye. Cikin ladabi ki ce, "Umma, don Allah zo ki ga yadda ƙirjin Auta ke yi, na ƙirga ya wuce hamsin." Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda aka kai da wuri sau da yawa ƙwayar Amoxicillin mai narkewa a ruwa likita zai rubuta, a koma gida a shanye har ƙarshe. Wanda aka makara shi ne mai gado da allura da oksijin.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Ki ɗauko katinsa ki duba: allurar Penta da ta PCV a sati 6, 10 da 14, ta ƙyanda a wata tara, domin ƙyanda ma kan jawo limoniya. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. Amare, nono zalla har wata shida. A sauke yaro daga baya in za a hura wuta, a wanke hannu da sabulu, mai mura ya rage sumbatar jariri. Kaskon garwashi kuma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, gubarsa ba ta da wari, kisan mummuƙe take yi.

Tsawon rai na Allah ne, amma Shi ya umurce mu da neman magani. Yau da daddare ki gwada ƙirgar a kan ƙaninki lafiyayye don hannunki ya faɗa, gobe ki koya wa ƙawarki a aji. Allah ya raya mana su, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.