Masu Farautar Mushtari a Garki

A wata makarantar sakandare da ke Garki, ƙungiyar ɗalibai masu kallon sama ba ta da aikin kirki sai damina ta ɗauke. Daga Afrilu zuwa Oktoba gajimare ne ke da sararin Abuja. Nuwamba na kamawa, kafin hazon hunturu ya yi kauri, sai malamin fiziks ya fito da madubin hangen nesa na makarantar, a kafa shi bayan sallar Magariba.

Wanda bai sani ba zai ce Garki ba wurin kallon sama ba ne. Fitilun Area 1 har zuwa Area 11, ga na motocin da ke bin titin Ahmadu Bello, sun shafe ƙananan taurari, ko Kaza da 'Ya'yanta sai an ƙura ido. Amma duniyoyi ba ruwansu da wannan. Zara da Mushtari da Zuhal haskensu ya fi ƙarfin fitilar titi. Ga shi kuma Abuja tana wajen daraja 9 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Mushtari da Zuhal sukan hau har kusan tsakar ka, inda haskensu ba ya ratsa iska mai yawa. Mai madubi a Ingila ya yi shekaru yana leƙen Zuhal ƙasa-ƙasa ta bayan rufin maƙwabta.

Wahalar tana wajen haɗa kyamara da madubin. Ɗalibai da waya suke farawa: a ɗora idon kyamararta daidai kan gilashin da ake leƙawa. A baki abu ne mai sauƙi. Hasken da ke fitowa ta gilashin bai fi ƙwayar gero ba, hannu ya ɗan karkace ya ɓace. Shi ya sa malamin ya yanko guntun bututun roba irin na masu gyaran famfo, ya manna shi a bayan tsohon gidan waya, ya zama mariƙi. Ba kyan gani, amma yana riƙewa. Dole kuma a rage hasken kyamarar da hannu, in ba haka ba Mushtari farin dunƙule kawai zai fito, sannan a sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, domin taɓawar yatsa ma girgiza ce.

Babbar kyamara tata hanyar daban. Ana cire mata gilashinta gaba ɗaya, a ɗaura mata zoben ƙarfe mai hanci inci 1.25, a zura hancin a gurbin gilashin leƙe, madubin ya zama shi ne idonta. Sau da yawa hoton ya ƙi fitowa tas ko an murɗa maɓalli har ƙarshe. Maganin shi ne gilashin Barlow, wanda ke turo hoton waje, ya kuma ninka girmansa.

Daga nan aiki ya rabu. Ƙasa tana juyawa daraja 15 a kowace awa, kuma madubin makarantar ba shi da injin bin sama, don haka kafin minti ɗaya duniyar ta fice daga allon. Wata ɗaliba tana tura bututun a hankali, wani yana kallon allo yana cewa, "Malam, ya gudu!" Malamin ya hana kafa madubi a kan siminti ko kwalta, domin zafin da suka sha da rana yana tashi da dare ya riƙa kaɗa hoton. A kan ciyawar filin ƙwallo ake tsayawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba hoto ake ɗauka ba, bidiyo ne. Iska ba ta zama wuri ɗaya, amma a cikin dubban hotunan da ke cikin bidiyo akwai waɗanda suka dace da lokacin da ta lafa. Washegari a ɗakin kwamfuta, manhajar AutoStakkert ta tsince masu kyau ta jera su kan juna, RegiStax ta fito da zanen. Dukansu kyauta ne. Bidiyon Mushtari ba ya wuce minti biyu zuwa uku, saboda yana kammala juyawarsa cikin ƙasa da awa 10, in aka daɗe zanen jikinsa ya cakuɗe. Sai ga ratsi biyu masu duhu a jikinsa, wani daren har da inuwar ɗaya daga cikin manyan watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610. Malamin yakan ba su labarin Anthony Wesley, mutumin Ostareliya da ya gano tabon karo a jikin Mushtari a Yulin 2009 daga gidansa, kafin manyan cibiyoyi su juya nasu madubin.

Baba maigadi shi Zuhal bai dame shi ba. Tambayarsa kullum ita ce ko wannan abin zai nuna jinjirin watan azumi. Malamin ya ce masa zai nuna, in dogayen benayen da ke yamma da makarantar sun bari. Ƙarfe tara ake tashi, domin akwai masu komawa Nyanya da Lugbe, kuma har bakin ƙofa ana gardamar wayar wa za a goge wa hotuna don a sami wurin bidiyon mako mai zuwa.