Ɗalibi a Gaban Allo, Teku a Ƙarƙashin Adar

A makarantun lise na Tawa, sai ɗalibi ya kai ajin ƙarshe, shekarar jarrabawar bak, yake haɗuwa da falsafa gadan-gadan. Cikin ayyukan da malamai ke bayarwa akwai wanda yara ke kira ekspoze: a kasa aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da tambayarsa, su je su yi bincike, ranar da aka sa su fito gaban allo su yi bayani. Tambayoyin kuwa ba na wasa ba ne. Mene ne hankali? Kimiyya na iya kai mu ga gaskiya? Mutum na da zaɓi?

Inda aikin yakan lalace sananne ne. A sauko da shafuka daga intanet, a kwafe su da Faransanci mai nauyi, ɗaya ya karanta kai a sunkuye, sauran su jeru bayansa kamar abokan ango. Za ka ji sunan Descartes, ka ji na Kant, amma ka ce mai karatun ya maimaita da Hausa ko Tamajak, sai ya yi tsit.

Alhali Adar kanta, ƙasar da Tawa take ciki, cike take da irin waɗannan tambayoyi. Ga ɗaya: ta yaya ake sanin abin da ba wanda ya gani? Masana duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, ruwan teku ne kwance a nan, ya ratso Sahara har ƙasar Sakkwato. Shaidarsu tana cikin ƙasa. A tudun Igdaman, kusa da Kao, an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin ƙadangare, aka kuma raɗa mata sunan wurin a 1991. Dutsen da ake siminti da shi a Malbaza ma a gindin teku ya taru.

To, a ce yarinya ta shigo aji da dutse mai siffar katantanwa, ta ce ga hujjarta. Wani zai ɗaga hannu: wa ya ce ba ambaliya ta kawo shi ba? Wa ya ƙirga shekarun? Dole ta yi bayanin yadda shimfiɗar dutse ta ƙasa ta girmi ta sama, da yadda wasu sinadarai ke rikiɗa sannu a hankali da ƙayyadadden lokaci, har a auna shekaru da su. Dole kuma ta bambance abin da ido ya gani da abin da hankali ya ciro daga gare shi. A wannan lokacin falsafar kimiyya take yi, ko ba ta ambaci sunan kowa ba.

Ga iyayen da ke tsoron darasin zai kauce da imanin ƴaƴansu, ba Turawa suka fara wannan tunani ba. Wajen 1025, masani Albiruni ya lura da bawon halittun ruwa da ake samu in ana haƙar rijiya, ya ce hamadar Larabawa teku ce a da. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, malaman zaure sun san shi sarai, ya yi nuni da cewa ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi. Hankali ne ke gyara wa ido kuskure, to shi hankalin wa ke gyara masa? Fiye da shekara 500 bayansa Descartes ya bi irin wannan hanyar ta shakka.

A ganina, gyaran yana hannun malamai. A rage lokacin karatu, a ƙara na tambayoyi, maki mafi yawa ya koma can, kowane ɗan rukuni kuma ya amsa da bakinsa. Da yawa cikin ɗaliban jami'ar Tawa za su shiga, wadda aka kafa a 2010, ta kuma ɗauki sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. A can, ranar kare kundin digiri, malamai sun riga sun karanta takardar. Tambayoyi za su yi.