Saƙar launi biyu: inda ake murɗa ido da inda ba a murɗawa



Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗowa Gure, uwar jego ba ta da zance sai hula da safa na jariri. Shi ya sa da yawa cikinmu kan ci bashin asusu tun watan Oktoba mu sayi zare. Tun 1991 da aka soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ƙa'idar ba ta sake ba: wadda ta ɗauka za ta mayar ran da aka tsaida, ko kayanta sun shiga ko ba su shiga ba.

Bara mun ɗanɗana wannan. Mu huɗu muka haɗa bashi, muka aika aka sayo mana zare ja da fari a kasuwar Dole ta Damagaram, muka saƙa hula 12 masu ado. Adon kam ya fito. Amma biyar sun yi tauri, sun karkace gefe guda, kan jariri ma ba ya shiga. Wata kaka ta ja bakin hular, ta ce: "Ƴar nan, wannan ai sai ƴar tsana." Dole muka warware, ga ranar biya tana matsowa.

Irin wannan saƙa ita ake kira mozayik a ƙasashen waje. Wata Ba'amurkiya, Barbara Walker, ta fitar da littafi a kanta a 1976. Sauƙinta shi ne ba a riƙe zare biyu lokaci guda. Ki yi layi biyu da ja, zuwa da dawowa, sannan layi biyu da fari. Inda ado ke son ɗayan launin ya bayyana, sai ki ɗauke idon, wato madaukin zaren da ke kan kibiya, ki mayar da shi kan ɗayar kibiyar ba tare da kin saƙa shi ba, zaren hannunki yana ta baibai.

To ina matsalar ta fito? Kowane ido ƙafa biyu gare shi, ɗaya gaban kibiya, ɗaya bayanta. In kika saƙa ta ƙafar gaba, ido na buɗe. In kika soka ta ƙafar baya, ƙafafun su harɗe, ido ya murɗe ya matse. Da muka zauna muka duba hannun juna, sai muka gane biyu daga cikinmu wurin ɗauke ido suna soka kibiya daga hagu, kamar za su saƙa. Hakan na juya ido, in an dawo kansa sai ya murɗe ba da niyya ba. Ɗayarmu kuma kowane ido ta baya take saƙawa, haka ta koya tun tana yarinya. Murɗi in ya yi yawa, duk ta fuska ɗaya, shi ke jan saƙa ta karkace, ta ƙi miƙewa.

Amma murɗi na da ranarsa. Idon da aka ɗauke yana hawa layi biyu ba a saƙa shi ba, sai ya yi tsawo ya saki jiki. In kika iso kansa da launinsa kika saƙa shi ta ƙafar baya, sai ya tsuke, ado ya fito raɗau. Ga abin da muka tsaida a ƙungiyarmu:

Wurin ɗauke ido, a soka kibiya daga dama, a ɗauke shi yadda yake zaune.

A murɗa idanun da aka ɗauke kawai, sauran a bar su a buɗe.

Kada a ja zaren da ke ratsawa ta baibai da ƙarfi, a bar masa sarari.

Kafin a taɓa hula, kowa ta saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, a wanke, a shanya, a ja a gani. In ana aiki tare, a jera gwajin kowa a tabarma ranar zubi a gwada faɗinsu.

Tun ran gini ran zane. Gwajin nan bai cin zare sosai, kuma gara ki ɓata yini ɗaya a kansa da ki warware aikin mako biyu. Bashinmu na bara mun biya shi da ƙyar, sai da muka haɗa da kuɗin ƙuli-ƙuli. Bana wadda ke son ganin hannu ta zo da kibiyarta da ragowar zare launi biyu ranar taro, mu nuna wa juna.

Allah ya sa albarka a asusunmu.