Ruwa da Kachala a Dausayin Haɗejiya

Malaman ilmin halitta, idan za su yi bayanin wani muhalli, sukan kasa abin da ke cikinsa kashi biyu: masu rai, wato tsirrai da dabbobi da ƙwari da ɗan Adam kansa, sa'an nan marasa rai, irin su ruwa da ƙasa da iska da zafin rana, waɗanda ba su ci, ba su haihuwa, amma kuwa babu mai ran da zai wuni ba tare da su ba. Wannan rabo yana da fa'ida wajen karantarwa, sai dai wanda ya ɗauka cewa kowane kashi zaman kansa yake yi, to, lalle bai lura da abin da ya auku a dausayin Haɗejiya da Nguru ba.

A can ne kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi. A bisa al'adar da Allah Ya hukunta wa wurin, ruwa yakan yi ambaliya a wajejen Agusta da Satumba, manomi ya shuka shinkafa, kifi ya shiga fadama ya hayayyafa. Idan rani ya kama ruwan ya janye, a shuka wake a danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai su cika yankin Dagona na dausayin. Hatta gaiwa ta san wannan ƙa'ida, domin da ta ji taɓo ya fara ƙafewa sai ta nutse cikinsa ta kwanta, ba ci ba sha, har damina ta kewayo. Ashe bushewar ma, wadda jahili zai ɗauka musiba ce, rukuni ce daga rukunan rayuwar wurin.

Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, sai mizanin ya karkata. Ambaliyar damina, wadda a dā take zuwa da ƙarfi ta share laka daga magudanai, ta raunana. Kuma saboda noman rani aka riƙa sakin ruwa duk tsawon shekara, har wuraren da suka saba bushewa suka daina. Wannan sauyi ne a cikin abu marar rai, amma wanda ya fara cin ribarsa mai rai ne, ciyawar nan da ake kira kachala, wadda tsawonta ya ɗara na mutum, wadda kuma babu abin da take bukata illa saiwarta ta zauna cikin ruwa har abada.

Abin al'ajabi shi ne yadda kachalar ta juyo ta mallaki ruwan da ya raine ta. Ta yi cunkus a bakin magudanai, ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, hanya ta toshe, har ya zamana wani ƙauye ruwa ya cinye gonakinsa alhali maƙwabcinsa yana kukan ƙishirwa. Masunci ya rasa inda zai tura kwalekwale balle ya jefa koma. Jan-baki kuwa ya sami mafaka a cikin duhunta, yana fitowa dubu-dubu ya afka wa shinkafa da gero, ga sauro, ga katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Jama'ar yankin sukan yi gayya su shiga ruwa da adda da lauje suna sara, aikin da ya cancanci yabo, amma a ganina magani ne na ɗan lokaci, tun da sababin yana can bakin madatsa. Muna roƙon hukumomin da ke riƙe da makullan Tiga da Challawa su riƙa sakin ruwa da yawa a damina, su ƙyale magudanai su bushe da rani.